Taubashina Hakim, Mai Sa Maza Tari

Ranar da aka shimfiɗa tabarmin bika, wato zaman makoki, a ƙofar gidan taubashina da ke Gadarif, maza ne suka ba ni mamaki. Mata suna ciki suna kukansu na al'ada, wanda ake ji har bakin titi, a tsaya a sha shayi a sake ɗauka. Wannan kowa ya sani. Amma dattijo ne zai shigo rumfa da rawaninsa, ya ɗaga hannu ya ce "Al-Fatiha", mu ɗaga namu, a shafa. Sai ya nemi gefe ya zauna, ya sunkuyar da kai, ka ga kafaɗunsa suna rawa. In ka matsa ka ce, "Alhaji, me ke tsakaninku da marigayi?" sai ya share ido da bakin rawani ya ce, "Ya taɓa yi mini maganin ciwon baya."

Kafin la'asar masu ciwon baya sun cika tabarma uku. Babu mai kallon na kusa da shi.

Wani tsoho ya taso tun daga Hawata a bayan lori, ƙura har cikin gira. Shi dai bai tsaya ɓoye-ɓoye sosai ba. Ya kama hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, na daɗe ina salla a ƙarshen sahu, kusa da bango, don kada a ga yadda nake zaman tahiya. Mutumin nan ne ya mayar da ni tsakiyar jama'a." Ya faɗa ya fashe da kuka kamar mace, ba wanda ya hana shi.

Mai ɗakin marigayi ta leƙo ta bayan labule ta kira ni. Ta ce, "Taubashi, duk waɗannan su wane ne? Ni fa ban san ko ɗaya ba."

Na ce, "Masu bin bashin dariya ne, Yaya. Koma ciki."

Ta ce, "Shekara nawa muna tare, bai taɓa kawo mini sunan mutum ɗaya cikin ɗakin nan ba."

Gaskiya ta faɗa. Ni ma da nake amsa gaisuwa a bakin rumfa, ina cikinsu. Su an gama nasu, shi ya sa suke kuka da sakin jiki. Nawa yana nan a jikina, wata da watanni, an ce in je a duba ban je ba, kuma mutum ɗaya da ya sani a duniya shi ne muka kai makwancinsa da hantsi.

Mahaifiyarsa yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Don haka tun ina rarrafe aka ba ni izinin zaginsa, shi ma aka ba shi na zagina, duk da ya girme ni da shekaru masu ɗan dama. Kakanninmu tare suka taso daga yamma a ƙafa da niyyar Makka. Da suka iso wannan baƙar ƙasa suka ga dawa ta fi mutum tsawo, sai suka ce bari a huta kaka ɗaya. Har yau hutawar muke yi.

Shi ya yi karatu har ya zama mataimakin likita, abin da mutanen nan ke kira hakim. Ni a aji uku na lura malaman ba su da sauran abin da za su ƙara mini, na yi musu sallama cikin mutunci, ta taga. Tun daga ranar yake kirana Ustaz. Ni kuma na naɗa shi Sarkin Gwaiwa na Gadarif da Kewaye, kuma duk inda muka haɗu, ko a gaban surukansa ne, sai na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ya talakawa, suna dai lilo lafiya?"

To, tunda kalmar ta riga ta fita, shi ke nan. Gwaiwa da kaba da duk wani kumburi da ke sauka a jakar namiji, wannan shi ne aikin da aka fi sanin taubashina da shi, kodayake ba wanda ke faɗa a fili. A ƙasar da maza ke wuni suna ciccibar buhun dawa daga ƙasa zuwa kan lori, abin yana da yawa. Jallabiya kuwa mai rufin asiri ce. Mutum zai ɗauki abu kamar tulu a ƙarƙashinta shekara da shekaru, matarsa kaɗai ta sani, ita ma ba ta isa ta ambata ba.

Shi bai buƙatar a gaya masa. Mukan zauna wajen mai shayi a kasuwar hatsi, sai ya zungure ni.

"Ustaz, dubi wancan mai farin rawani."

"Me ya yi?"

"Dubi yadda yake raba ƙafa kafin ya zauna. Ga hannu ya shiga aljihu, ba kuwa wani abu yake nema ba, gyara yake."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Mutane na kallon fuska, kai kana kallon ƙasa."

"Fuska ai kowa na wanke ta ya fito da ita."

Ba zai yi wa mutumin magana a gaban jama'a ba. Zai bari sai ya tashi, ya bi shi a hankali har bayan buhuna, su yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi iyali, a tambayi damina. Bayan kwana biyu sai ka ga mai farin rawani ya bi ta bayan shifahana, ɗakin shan magani ke nan, yana waige-waige kamar wanda ya zo satar kaza.

A Gedambaliya ya fi daɗewa yana aiki, lokacin ni ina wakilin wata gona babba, ina lura da 'yan aikin kambo, wato sansanin leburorin gona. A bayan shifahanar akwai ɗan ɗakin ciyawa da ya toshe tagarsa da tsofaffin buhuna, ko da tsakar rana ka shiga sai ka lalubi bango. Gado ɗaya, bokitin ruwa, sabulu, da tocila, wadda muke cewa batariya. Maganarsa a ɗakin nan ba ta wuce uku: "Tsaya." "Yi tari." "Kwanta." In kana waje ka ji ƙato ya yi tari sau biyu a jere alhali ba mura yake ba, ka san inda aka kai.

Wata rana yana wanke hannu ya ce mini, "Ustaz, saurara, ko Allah zai sa wani abu ya maƙale a wannan kan naka. Ku komai gwaiwa kuke ce masa. Abin kuwa iri-iri ne. In mutum ya yi tari na ji abu ya bugi yatsana, in ya kwanta ya koma ciki da ɗan ƙugi, kuma yatsuna ba sa haɗuwa a samansa, to hanji ne ya sami ƙofa ya sauko. Kaba ke nan. Yana sauka yana komawa, mai shi ya ce ai sun saba. Ranar da ya sauko ya ƙi komawa, in ba a yanka da wuri ba, sai a nemi masu haƙa."

Na ce, "To tocilar fa? Ɓarawo kake nema a ciki?"

Ya ce, "In na ɗora ta daga baya, na ga jakar ta yi ja, haske ya ratsa kamar ka ɗaga wa rana kofin karkade, wato zoɓo, to ruwa ne. Ruwa yana da nauyi, yana da kunya, amma ba ya cika kisa, aikinsa kuma ɗan kaɗan ne a wajen likita. Akwai mai zuwa da zafi da zazzaɓi, wannan ƙwaya da allura sukan isa. Akwai na samari, wanda ke faɗowa farat ɗaya da ciwo har da amai, jijiya ce ta murɗe. Wannan ko lomar tuwo ce a hannunka, ajiye ta ka nemi mota."

"Saura me?"

Ya goge hannu a hankali. "Saura wanda ba ya ciwo, ba ya komawa, haske kuma ba ya ratsa shi. Wannan ba na ba shi suna. Tura shi nake gaba."

Da wanzamin kambo suka yi ta ɗauki-ba-daɗi, saboda shi wanzami hudawa yake ya tsiyaye ruwan. Mutum ya tashi sakayau yana sa masa albarka, kafin wata ya zagayo ruwa ya dawo, wani lokaci har da mugunya. Taubashina bai kai ƙararsa ko'ina ba. Ya gayyace shi shan jabana, wato gahawa, suka sha kofi uku-uku, sannan ya ce, "Sarkin aska, mu raba mutum biyu. Daga cibiya zuwa sama naka ne, ka yi aski, ka yi ƙaho, ba ruwana. Daga cibiya zuwa ƙasa ka bar mini. Ranar da za ka huda abin da kake zaton ruwa ne ashe hanji ne, ni ba zan iya ɗinke maka shi ba." Wanzami ya ce a ƙara masa kofi. Daga baya shi da kansa yake turo mutane.

Yanzu sai abin da na fi so in tsallake.

Matata, Allah ya jiƙanta, tana da ƙane guda ɗaya. Saurayi ne dogo mai yawan dariya, yana aiki a ƙarƙashina. Mijin Yaya yake ce mini, kuma tsakaninmu ma akwai wasa. Yana da kaba tun yana ɗan shekara ashirin da wani abu. Wata kaka ta fara damunsa, tana sauka da wuri, tana wuyar komawa. Ya je ɗakin duhu. Taubashina ya rubuta masa takarda ya ce cikin makon nan ya tafi mustashfa, babban asibitin Gadarif, kada ya ƙara ɗaga ko butar alwala.

Riɗi kuwa ya nuna. Wanda bai yi noman riɗi ba ba zai gane ba. Dawa tana jiranka, riɗi ba ya jira. In kwanakinsa suka wuce, kwanson ya bushe ya buɗe baki, ƙwayar ta zube cikin tsagar ƙasa, sai tururuwa su gode maka. Hannuwa sun yi mini kaɗan a shekarar. Ƙanin matata ya zo ya same ni a bakin gona da takardarsa.

Na karɓa na juya ta sama da ƙasa kamar mai karatu. Na ce, "Kai da ka yi shekara biyar kana yawo da wannan guzuri, kwana goma ne zai gagare ka? Sarkin Gwaiwa ai in ya ga namiji tsaye hannunsa ƙaiƙayi yake. Bari a gama yanka, ni da kaina zan kai ka, har in riƙe maka wando."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ninke takardar ya tura cikin hula, ya ɗauki laujensa.

Kwana shida bayan haka, da rana tsaka, suna ɗora gangar ruwa a kan tirela, sai aka ga ya durƙusa a gefenta. Ya ce ba komai, ciki ne ya murɗa. Ya shige bukkarsa. Kwana biyu yana ciki yana shan jiƙo, yana amai, ya hana a gaya mini saboda kada a ce ya gudu daga aiki. Ni kuma ina can ƙarshen gona, ban tambaya ba. A rana ta uku aka zo aka kira ni. Na tarar cikinsa ya kumbura, idonsa ya faɗa.

Da safen nan aka yi ruwan ƙarshen damina, irin wanda ba a zata ba. Ƙasar nan tamu in ta sha ruwa takan riƙe taya kamar mai bin haƙƙi. Lori ya nutse tun bai bar kambo ba. Muka sa shi a tirela, tarakta na ja. A shifahana taubashina ya fito, ya ɗaga rigar, ya taɓa sau ɗaya. Bai ce "yi tari" ba. Ya ɗauki jakarsa ya hau tirelar.

Hanyar da a rani ake yi kafin shayi ya huce, ranar muka wuni a kanta. Mu tura, mu haƙa, mu sa itace a ƙarƙashin taya. Ƙanin matata yana kwance, kansa a cinyata. Can ya buɗe ido ya ce, "Mijin Yaya, an gama yankan gefen kwari?"

Na ce, "An gama."

Ya ce, "Kada ka gaya wa Yaya an ba ni takarda. Za ta yi faɗa."

Muna hango manyan rumbunan hatsin Gadarif, rana ta yi ja, ya cika. Taubashina ya shafe masa ido, ya cire masa hula don ya gyara kansa, takardar ta faɗo. Ya buɗe, ya ga rubutun hannunsa. Ya dube ni. Na jira zagi, wallahi na jira mari. Ya ninke ta ya sa a aljihu.

Washegarin sadakar uku muka haɗu a ƙofar masallaci. Ya miƙo mini hannu biyu, ya ɗan rusuna, ya ce, "Malam, kun tashi lafiya? Ya ƙarin haƙuri? Ya iyali?"

Wanda ba shi da taubashi zai ce ai gaisuwa ce mai kyau. Ni kuwa nan take na gane ya janye wasan da ke tsakaninmu. Damina biyu yana yi mini haka. In na tsokane shi, ya ce, "Na gode, Malam." In na kira shi da sarautarsa, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa baƙo. Dangi suna ta yabo, wai su wane an girma, an daina shashanci. Matata ma ta ce, "Ka gani, shi ya yi hankali, saura kai." Ta rasu ba ta san komai ba. Bai gaya mata ba, ni ma ban iya ba.

Abin da na iya kawai, na zama ɗan sandan ƙafafu. Duk ɗan aikin da na ga yana tafiya a bubbuɗe, ko ana tsakiyar yanka, sai in ɗora shi a tarakta in kai shi. Taubashina ya karɓa, ya ce, "Madalla, Malam." Ran nan na kamo wani bawan Allah yana ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau, na ce kowa ma haka yake cewa. Suka shiga ɗakin duhu. Aka yi tari, aka sake tari. Sai ga taubashina ya fito yana yarfe ruwa daga hannu.

"Ustaz, wannan ƙafar baka gare shi. Haka Allah ya halicce shi. Ka raba mutum da aikinsa ka kawo shi ya tuɓe wando a banza. Jaki kawai."

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa kirana jaki na ji daɗi irin na ranar ba. Na zauna a ƙasa a bakin shifahana ina dariya, hawaye na bin gemuna.

Sau ɗaya tak ya tayar da maganar, shekaru bayan haka, muna cin gyaɗa a inuwar dogon yaro. Ya ce, "Rabin laifin nawa ne. Na san ku, na san kaka ce, na san ba mai barin riɗi saboda takarda. Da na ɗora shi a mota da hannuna." Ya ɓare gyaɗa bai ci ba. "Har yanzu in na ga tirela a cikin laka sai in duba in ga wa ke kwance."

Ni ban gaya masa nawa ba. Ni da rana nake ganin ƙanin matata. In rana ta take, ƙasa tana wannan rawar ta zafi, sai in hango mutum durƙushe a gefen gangar ruwa. In na matsa, inuwar ganga ce. Na san inuwar ganga ce tun kafin in matsa, amma sai na je.

Tun bayan wannan rasuwa taubashina ya daina ba da takarda ya juya baya. Da kansa yake raka mutum mustashfa, ya zauna a benci har a fito da shi. Mazan suna tsoron abu biyu: kada yanka ya kashe musu mazakuta, kada kuma unguwa ta ji. A kan na farko yakan ce, "In ta mutu ka zo ka karɓi tawa, ni na gama da ita." Na biyun kuwa, in mata suka tambaya, sai ya ce zaida aka cire, ɗan hanjin nan da ke kumbura a gefen dama. Rabin dattawan unguwarmu an cire musu zaida. Akwai limamin da aka cire wa sau biyu, hagu da dama, mata suna ta mamakin ikon Allah.

Bara bayan kaka na fara jin nauyi a gefen hagu. Ba ciwo, ba zazzaɓi. Na ce tsufa ne, komai ma sauka yake. Lokacin taubashina ya daɗe da barin aiki, ya dawo Gadarif, amma ya toshe tagar wani ɗaki a zaurensa da buhuna, maza na zuwa gaishe shi ɗaya-ɗaya. Na je gidansa cin abincin rana. Ina zama a tabarma na ga ya ajiye cokali.

"Ustaz, zo ka ga wani abu a zaure."

Na ce, "Bayan abinci."

"Abincin ba ya gudu."

Muka shiga. Na ce, "Alhamdu lillahi. Tun ina yaro nake jiran ranar da za ka durƙusa a gabana."

"Tsaya. Yi tari."

Na yi. Ya ce in sake. Na kwanta, abu bai koma ba. Hannunsa ya tsufa, yana ɗan rawa, amma da ya kai wurin sai rawar ta tsaya. Ya kunna tocila ya ɗora. Ya daɗe. Ya kashe, ya buɗe gindinta, ya sa sabon batir, ya sake ɗorawa. A cikin duhun ina jin numfashinsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an ga karkade?"

Ya ce, "Haske bai ratsa ba."

"To sai me?"

"Wataƙila tsohon ruwa ne da fatarsa ta yi kauri. Wataƙila jini ne ya kwanta. Wataƙila kuma wanda ba na ba wa suna ne. Hannuna da tocila nan suka tsaya. A mustashfa akwai injin hoto da ke ganin ciki. Jibi zan raka ka."

Jibi na ce akwai suna a gidan 'yata. Mako mai zuwa na ce gari ya cika da bayin Allah da yaƙi ya koro, asibiti ba wurin sa ƙafa, a bar masu ciwon gaske su samu. Ya zo gidana sau uku da sandarsa. Sau biyu na sa aka ce ba na nan, ina bayan ƙofa ina jin tarinsa. Na ukun ya ritsa ni ina alwala.

Ya ce, "Kai fa ka ga yadda ake mutuwa a kan jira. A cinyarka aka yi."

Na ce, "Shi ya sa. Na ga ai ba wuya."

Bai yi dariya ba. Ni ma da na ji abin da ya fito daga bakina sai na rasa inda zan sa ido.

Cikin damina ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya mutu, magana ta ɗauke. Na je duba shi. Mai ɗakinsa ta ba mu wuri. Na durƙusa na yi masa kirarinsa, na ce talakawa na gaisuwa. Ya ɗaga hannun da ya rage masa, ya nuna ni, ya nuna ƙasan rigata, ya nuna ƙofa. Sau biyu ya yi.

Na ce, "Sai ka tashi. Ai kai ka ce za ka raka ni. Sarki ba ya saɓa alkawari."

Ya kalle ni, ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya fuskarsa bango. Na zauna har aka kira la'asar bai juyo ba. Wannan ƙeyar ita ce ganina da shi na ƙarshe. Da aka ce in shiga wajen wanka, na ce gwiwata ba za ta iya ba.

A rana ta uku aka naɗe tabarmi, kowa ya kama gabansa. Na koma gida na zauna da lissafin da ba shi da daɗi. Mustashfa ba ta karɓar tsoho shi kaɗai, sai da murafik, mai zama da shi. 'Ya'yana mata ba a maganarsu a nan. Ƙananan mazan suna nesa wajen neman abinci. Saura ɗan fari.

Mu a gidanmu ba a yi wa ɗan fari sakin fuska. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da shi ba. Yana jariri in an miƙo mini shi sai in tashi in bar wurin, a yi dariya a ce na iya kunya. Yanzu ga shi da furfura a gemu, yana da surukai, amma in mun haɗu a zaure kowa bango yake kallo. Mutumin da ban taɓa ce wa "ya jikinka" ba, shi zan je in gaya wa abin da ke cikin wandona.

Kwana huɗu ina zagaya gidansa. A na biyar da hantsi na same shi a ƙofar gida, rabin jikinsa a ƙarƙashin tarakta. Na tsaya ina kallon itacen da ke gefe.

"Kai."

Ya fito da sauri, ya durƙusa, hannunsa duk baƙin mai. "Na'am, Baba."

"Marigayi ya duba ni kafin ya kwanta." Na ƙara kafa wa itacen ido. "Kumburi ne. A maraina. Ya ce ba ruwa ba ne. Ya ce a je a yi hoto."

Yana kallon ƙasa, ina kallon itace.

Can ya ce, "Baba, tun bara nake ganin yadda kuke hawa mota." Ya goge hannu a wandonsa. "Sau biyu na je ƙofar Baba Hakim don in roƙe shi ya yi muku magana. In na isa sai in gaishe shi in dawo. Na rasa bakin da zan faɗa."

Na ce, "To da ka faɗa ma da ka sha mari."

Ya ce, "Na sani."

Ya tashi ya wanke hannu da ƙasa da ruwa, ya shiga ya canza riga. Bai tambaye ni yaushe ba. Da zan hau mota ya kama damtsena ya ɗaga ni. Rabona da jin hannunsa a jikina, wallahi ban san ranar ba, ina jin ma babu ita.

An yi hoton. Wani likita ƙarami, wanda bai kai ɗan autana ba, ya shafa mini wani mai sanyi, ya daɗe yana kallon allo, ya kira wani babba suka kalla tare. Sun ɗebi jini. Sun ce za a yi aiki ranar Talata, sai an cire an duba za a san sunansa. Ban sani ba ko na zo a kan lokaci. Su ma ba su ce ba.

Allah ya jiƙan ɗan gwaggona, ya rufa masa asiri a gabansa kamar yadda ya rufa wa maza nasu, ya haskaka masa ɗakin da yake ciki yanzu, wanda ba shi da taga ko ta buhu. Ya jiƙan wanda ya cika a cinyata, ya sa ya yafe mini.

Kai kuma Taubashi, na je. Ka ji dai, na je. In Talata ta yi kyau, zan zo kanka in gaya maka tocilarka ce ta lalace. In kuma na biyo ka, ka zage ni yadda kake so, ka tara mini jama'a. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka tarbe ni da "Malam, kun iso lafiya?"